Darasi na 14: Kogi, Teku da Gasar Makamai

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na yau a kan tsaron yanki yake: yadda rashin yarda tsakanin ƙasashe maƙwabta yake sa kowacce ta shiga tara makamai, da yadda abin yake gangarowa daga fadar shugabanni har ya iso hawasha, wato gonar manomi, a Jazira da kwalekwalen masunci a Rusairis. Za mu taɓo makaman nukiliya. Na san wani zai ce ina ruwan mai noman dawa da gyaɗa da bam ɗin da babu ƙasar Afirka ko ɗaya da take da shi. A yi haƙuri mu kai ƙarshe, sannan kowa ya yanke wa kansa hukunci.

Takarar manyan ƙasashe a kan kogin Nilu ta girmi ƙauyukanmu. A 1898 sojojin Ingila da na Faransa sun yi cirko-cirko a Fashoda, a gaɓar Farin Nilu, saura ƙiris su gwabza a kan wanda zai mallaki kogin, har Faransa ta janye. A 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira suka yiwo gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Wasu kuma hanyar Makka ce ta kawo su, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gandun Jazira don noma wa masaƙun Ingila auduga, da hannun waɗannan mutane aka yi aiki mai yawa. Tun asali ke nan zamanmu a nan yana ɗaure da shawarar da ake yankewa a birane masu nisa.

Ruwa ɗaya, ƙasashe uku

Kowa a ajin nan ya san zaman mai hawasha a kan Abu Ishirin, wato magudanar da ke shayar da gonaki, da mai hawasha a wutsiyarsa. Na sama yana cewa shi gonarsa kawai yake shayarwa. Na ƙasa yana kallon dawarsa tana yaushi, ba ya ganin komai sai zalunci. Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, kuma idan babu mai rabon ruwa da duka biyun suka yarda da shi, sanda ce take raba gardama. Haka Habasha da Sudan da Masar suke zaune a kan Shuɗin Nilu, sai dai su a maimakon sanda jiragen yaƙi gare su.

Kusan kashi 85 cikin 100 na ruwan da ke isa Masar daga tsaunukan Habasha yake sauka, kuma Masar ta dogara da Nilu a fiye da kashi 90 na ruwan da take sha take noma. A 1959 Masar da Sudan suka raba kogin tsakaninsu a rubuce: Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5. Ba a gayyaci Habasha zaman ba, ba a kuma ware mata ko ɗigo ba, shi ya sa har gobe take cewa wannan takarda ba ta shafe ta ba. A watan Afrilu na 2011 Firayim Ministan Habasha Meles Zenawi ya aza harsashin babbar madatsar da muke kira Saddun Nahda, a yankin Benishangul, tazara kaɗan daga iyakar Sudan. Tafkinta yana ɗaukar kubik mita biliyan 74, wato kusan ninki goma na tafkin Rusairis ko bayan ƙarin tsayin da aka yi masa a 2013. An fara tara ruwa a Yulin 2020, aka yi bikin buɗewa ranar 9 ga Satumba, 2025. Wutar da aka gina ta don ta bayar ta haura megawat 5,000, a ƙasar da miliyoyin gidaje ba su taɓa ganin lantarki ba.

Habasha na cewa wuta take nema, kuma ruwan da ya juya injin ai gangarowa yake yi. Masar na cewa wanda ya riƙe ƙofar ruwanka ya riƙe maƙogwaronka, musamman idan aka jera shekarun fari. Sudan kuwa tana tsakiya, da riba da asara. Ribar ita ce kogin zai riƙa gudu daidai wa daida rani da damina, laka za ta ragu a tur'o'in ban-ruwa, injinan Rusairis su ƙara ba da wuta. Asarar mu muka fi kowa saninta: noman juruf da ake yi a gaɓa bayan ambaliya ta janye ya dogara da cikar kogi da lakar da yake bari, haka ma sana'ar masu buga jan bulo. Ga kuma abin da ya fi damun injiniyoyi. Tsakanin Saddun Nahda da Rusairis kimanin kilomita 100 ne kacal. Idan na sama ya buɗe ƙofofi ko ya rufe bai faɗa ba, na ƙasa ba shi da lokacin shiri. A Yulin 2020, da aka fara cikawa, ruwa ya ja baya har wasu tashoshin ruwan sha na Khartum suka tsaya.

A Maris na 2015 shugabannin ƙasashen uku suka sa hannu a Khartum kan wasu ƙa'idoji na gaba ɗaya, amma cikakkiyar yarjejeniya mai ɗaure kowa kan yadda za a cika tafkin da yadda za a saki ruwa a shekarar fari ba ta samu ba, duk da zaman da aka yi ta yi a Washington da ƙarƙashin Tarayyar Afirka, da ƙarar da aka kai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 da 2021. Inda magana ta kasa, sai aka koma nuna ƙwanji. A 2013 an ji 'yan siyasar Masar a talabijin, a gaban Shugaba Mursi, suna shawarar yi wa madatsar zagon ƙasa, ba su san ana watsa zaman kai tsaye ba. A 2019 Firayim Ministan Habasha Abiy Ahmed ya gaya wa majalisarsa cewa idan ta kai ga yaƙi, Habasha na iya tara miliyoyi. A Oktoban 2020 Shugaba Trump na Amurka ya ce Masar za ta iya fasa madatsar. Wata guda bayan haka jiragen yaƙin Masar da na Sudan suka yi atisayen haɗin gwiwa a sansanin Marawi, a daidai lokacin da sojojin Sudan da na Habasha suka fara ja-in-ja a kan gonakin Fashaga.

A lura da yadda abin yake tafiya, don shi ne zuciyar darasin. Duk matakin da ƙasa ɗaya ta ɗauka don kare kanta, maƙwabciyarta tana karanta shi a matsayin shirin kawo mata hari, ita ma sai ta ƙara shiri. A ƙarshe kowa ya kashe kuɗi, kowa ya ƙara makami, kuma babu wanda barcinsa ya ƙaru.

Me ya hana a fasa madatsar?

Yanzu tafkin ya cika. Duk wanda ya jefa masa bam, ruwan ba Addis Ababa zai nufa ba. Rusairis da Damazin zai fara shafewa, ya bi ta Sinja da Sinnar da Wad Madani har Khartum, kafin abin da ya rage ya isa Masar. Ruwan da ke bayan bangon ya zama shi ne mai gadin bangon, domin ɓarnar da harin zai haifar ta fi ƙarfin duk wata riba da maharin zai samu. Wannan shi ake kira tsoratarwa a ilmin tsaro, kuma a kansa aka gina dukkan lissafin makaman nukiliya: ba ka taɓa ni ba domin ka san idan ka taɓa ni kai ma ba za ka tsira ba.

Dokar yaƙi ta duniya ma ta haɗa abubuwan biyu wuri guda. Sashe na 56 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya hana kai hari kan madatsun ruwa da shingayen ambaliya da tashoshin lantarki na nukiliya, domin ƙarfin da ke tsare a cikinsu idan ya kuɓuce farar hula yake ci. Sai dai doka ba ta tare harsashi. A Yunin 2023 madatsar Kakhovka ta Yukiren ta fashe ana tsakiyar yaƙi, ruwa ya ci garuruwa, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan laifi. A nan gida ma, daga farkon 2025 jirage marasa matuƙa sun sha kai hari kan tashar wutar madatsar Marawi, jihohi da dama suka kwana cikin duhu.

Akwai wani aibi na tsoratarwa da ba a cika faɗa ba. Tana iya hana manya gwabzawa gaba da gaba, amma ba ta kashe gabar, sauya mata wuri take yi. Amurka da Tarayyar Sobiyat ba su taɓa shiga yaƙi da juna a fili ba, amma an zubar da jini da makamansu a Angola da Biyetnam da Afganistan da Ogaden. Indiya da Pakistan sun gwada bama-bamansu a Mayun 1998, shekara na zagayowa suka yi yaƙi a Kargil. A Afrilun 2025 Indiya ta dakatar da yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus da ta tsaya tun 1960, a watan Mayu suka yi kwana huɗu suna jifan juna da makamai masu linzami. A yankinmu, bayan da Habasha ta ƙulla yarjejeniyar neman mashigar teku da Somaliland a Janairun 2024, Masar ta aika wa Somaliya makamai, shugabannin Masar da Eritiriya da Somaliya suka yi taro a Asmara a watan Oktoba. Rigimar ruwan Nilu ce ta ɓullo a bakin teku.

Nukiliya da mu

Ƙasashe tara ne suke da bam ɗin nukiliya: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa da Isra'ila, wadda ba ta taɓa amsawa ko musantawa a hukumance ba. Jimillar kawunan bam ɗin ta kai kimanin 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Sau biyu aka taɓa amfani da shi a yaƙi, a Hiroshima da Nagasaki, a watan Agusta na 1945.

Afirka ba ta da shi, amma ta ɗanɗana. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, iska ta kwashi ƙurar ta watsa a ƙasashen Sahara da kudancinta. Da Faransa ta ƙi dainawa, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairun 1961, Najeriya tana da wata uku da samun 'yanci. Wannan abin a yaba ne, kuma ya kamata kowane Bahaushe ya san shi. A Arlit ta Nijar kuwa tun 1971 ake haƙo yuraniyom, ma'adinin da ake ƙonawa a tashoshin nukiliya, aka yi shekaru da dama ana kai shi Faransa. Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida a zamanin wariyar launin fata, ta kwance su da kanta, ta shiga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 1991. Libiya ta watsar da nata shirin a 2003. A 1996 aka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta waɗannan makamai a nahiyar, ta fara aiki a 2009. Masar ta sa hannu amma ba ta kammala amincewa ba, tana nuna Isra'ila da yatsa.

Kada a rikita wutar lantarki da bam. Ma'adinin ɗaya ne, bambancin yana wajen tacewa. Tashar lantarki tana aiki da yuraniyom da aka tace bai kai kashi 5 cikin 100 ba, bam kuwa yana buƙatar wajen kashi 90. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, kamfanin Rosatom na Rasha kuma yana gina wa Masar tashar lantarki a Dabaa. Babu mai tayar da jijiyar wuya a kan waɗannan, domin hukumar makamashin nukiliya ta duniya tana shiga tana dubawa. Matsalar ita ce injin da ya tace kashi 5 shi ne zai tace 90 idan aka bar shi yana juyawa. A nan rigimar Iran take. Yarjejeniyar 2015 ta tsayar mata da tacewa a kashi 3.67, Amurka ta fice daga yarjejeniyar a 2018, Iran ta haura zuwa kashi 60, a Yunin 2025 Isra'ila da Amurka suka yi wa cibiyoyinta ruwan bama-bamai. Tun a 2018 Yariman Saudiyya Muhammad bin Salman ya ce idan Iran ta ƙera bam, su ma za su ƙera. Tsakanin Sawakin da Jidda tsallaken teku ne kawai, tekun da kakanninmu suka haye zuwa aikin hajji.

Zargin mallakar makaman ƙare-dangi shi kansa yana jawo wuta. A 1998 Amurka ta rusa masana'antar magunguna ta Shifa a Khartum Bahri bisa zargin haɗa sinadarin makami mai guba, zargin da masu bincike da dama suka ce hujjarsa ba ta tsaya ba. A 2003 an kafa hujja da wasu takardu da ke cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom daga Nijar, hukumar nukiliya ta duniya ta ce na jabu ne, duk da haka aka mamaye Iraƙi.

Bahar Maliya da yaƙin da ya iso ƙofar gida

Duk mai ƙarfi yana son wurin tsayawa a Bahar Maliya, domin ta nan jiragen man fetur da na kaya suke bi zuwa mashigar Suez. Ƙaramar ƙasar Jibuti ita kaɗai tana ɗauke da sansanonin Amurka da Faransa da Sin da Japan da Italiya. A 2017 Umar al-Bashir ya yi wa Shugaba Putin maganar sansani a gaɓar Sudan, a 2020 Rasha ta fitar da daftarin yarjejeniya: shekara 25, mutum 300, jiragen ruwan yaƙi huɗu, ciki har da masu aiki da makamashin nukiliya. Jirgi mai injin nukiliya ba lallai ne ya ɗauko bam ba, amma zuwansa kaɗai ya isa ya sa Amurka da ƙawayenta su sa wa Bur Sudan ido. An yi ta ɗage maganar, ana sake tayar da ita duk lokacin da gwamnati take neman makamai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojan ƙasa ƙarƙashin Burhan da dakarun Da'amus Sari'i na Hamidti yaƙin 'yan Sudan ne, kuma su za a fara tambaya. Amma bindiga ba ta haihuwar harsashi. A Janairun 2024 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce akwai ƙwararan alamu cewa makamai suna isa ga Da'ama ta gabashin Chadi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ita kuma ta musanta. Sudan ta kai ta Kotun Duniya a 2025, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraro. A ɗaya ɓangaren, Khartum ta maido da hulɗa da Iran a Oktoban 2023, aka kuma ba da rahoton jirage marasa matuƙa ƙirar Iran da Turkiyya a hannun soja. Kowace ƙasa da abin da take hange: wata zinariya, wata tashar jiragen ruwa, wata ƙasar noma, wata kuma ruwan Nilu.

Abin da ya biyo baya ba sai an karanta muku a littafi ba. Wad Madani ta faɗa hannun Da'ama a Disamban 2023, mutum kimanin 300,000 suka watse, da yawansu gudu na biyu ke nan bayan na Khartum. Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, garuruwan da ke kan hanyarta zuwa Sinnar, har da Mai Wurno, suka wayi gari a bakin daga. Soja ya karɓe Sinja a Nuwamba, ya shiga Madani ranar 11 ga Janairu, 2025. A tsakanin nan an wawushe taraktoci da taki da iri, tur'o'i sun cike da ciyawa, gandun da ya haura fadan miliyan 2 ya rasa kakar noma. Mazauna kanabi, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona, sun sha wuya a hannun masu shigowa, wasunsu suka sake shan wata a hannun masu ramuwa bayan an karɓe gari, alhali ba su da hannu a komai.

Wannan gasar ba a tsakanin ƙasashe kawai take ba. A Yuli da Oktoban 2022 rikicin ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka a yankunan Rusairis da Wad al-Mahi, dubban iyalai suka bar gidajensu. Bayan irin wannan masifa, duk wanda ya zo ya ce ku riƙi bindiga ku kare kanku, maganarsa tana shiga kunne, kuma ba zan ce tsoron ba shi da dalili ba. Amma maƙwabcin da ya ga an sauke muku akwatin bindigogi zai nemi nasa, wanda ya kawo makamin kuma yana da tasa buƙata da ba taku ba. A ganina abin da ya fi kare ƙauye shi ne iyakar gona da aka rubuta aka shaida, da takardar ɗan ƙasa a hannun kowa, da dattawan ɓangarori biyu da suke iya kiran juna tun kafin jita-jita ta zama gawa. Ko Amurka da Sobiyat, bayan sun leƙa ramin halaka a rikicin Kuba na 1962, abin da suka fara yi a 1963 shi ne shimfiɗa layin sadarwa kai tsaye tsakanin shugabanninsu. Irinsa muke buƙata tsakanin Saddun Nahda da Rusairis: bayanin yawan ruwan da za a saki kowace rana, a ƙarƙashin yarjejeniyar da ke ɗaure kowa. Wannan haƙƙinmu ne mu nema daga duk gwamnatin da ke magana da sunanmu.

Tambayoyi da aiki

1. Nawa ne rabon Masar da na Sudan a yarjejeniyar 1959, kuma me ya sa Habasha ba ta yarda da ita ba?

2. Ku bayyana da bakinku dalilin da ya sa cikar tafkin Saddun Nahda ta sa kai masa hari ya yi wuya. Ta ina wannan ya yi kama da lissafin masu bam ɗin nukiliya, ta ina kuma ya bambanta?

3. Ku kasu gida uku, wasu su zama Habasha, wasu Sudan, wasu Masar. A ɗauka an yi shekara uku a jere ana fari. Kowane gida ya faɗi abin da yake nema da abin da zai iya haƙura da shi, malami ya rubuta a allo.

4. Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku yadda cikar kogi da noman juruf suke a da, da yadda suke tun daga 2020.

Ku zo da amsar tambaya ta huɗu a rubuce a zama mai zuwa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa, amma ya sa sunansa da kansa a ƙasan takardar.